Yadda Muka Yi Jinyar Ƙafar Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san yadda ake zama tsakanin uwa da 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, in da baƙi a gida kuwa sai ta ce "waccan". A hannun kakata na girma, daga can aka kai ni ɗakin miji, don haka abin da ke tsakanina da mahaifiyata gaisuwa ce da girmamawa. Sai in je in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, in ɗan zauna in tashi. Matar da ba ta iya kallon idona ba, ba za ta ɗaga zani ta nuna mini ciwo ba.

Sana'arta waina. Tun kafin a kira assalatu take hura wuta, ta zauna gaban tanda har hantsi, yara na layi da kwanuka. Da wannan wainar ta aurar da ƙannena bayan rasuwar mahaifinmu. A 2016 ta fara rama, ga ƙishirwa ba ta yankewa, ga fitsarin dare. Aka gwada aka ce ciwon suga ne, aka ɗora ta a kan metformin. Tana sha in jiki ya matsa mata, in ta ji dama-dama sai ta ajiye, ta koma kan jiƙe-jiƙen da 'yan'uwa ke aiko mata. Shekaru suna tafiya ta fara cewa ƙafafunta na yi mata yam-yam da daddare, daga baya kuma ta ce sun daina, sai dai nauyi. Kowa a gidan ya ɗauka sauƙi ne ya samu.

A hunturun ƙarshen 2022, wani dare da sanyi ya yi tsanani, ta jawo kaskon garwashi kusa da ƙafafunta, barci ya ɗauke ta. Da safe ta ga bororo a ƙasan ƙafarta ta hagu, daga gindin ƙaramin yatsa zuwa gefen tafin. Ba ta ji lokacin da ta ƙone ba. Ta sa allura ta fasa, ta shafa man shanu, ta ɗaure da tsumma, ta koma bakin tanda. Ga shi ba ta rabuwa da ƙunshi, jan lalle ya rufe tafin gaba ɗaya, ko wanda ke zaune kusa da ita ba zai lura fatar ta canja launi ba. Da wurin ya ƙi bushewa, wata maƙwabciya ta kawo garin bagaruwa, wata ta ce a fasa kafso a barbaɗa, yaron wani kemis ya zo gida ya yi mata allurai. Kullum da yamma kuma ana gasa ƙafar da ruwan zafi, tana cewa a ƙara zafin domin ba ta ji.

Wari ne ya sanar da ni. Na shiga ɗakinta gaisuwa na ji wani abu da turaren wuta bai iya dannewa ba. Na fita na tsare autarmu a zaure, ta faɗa mini komai. Na dawo na durƙusa na ce, "Inna, don Allah ki ba ni ƙafar nan in gani." Ta ce, "Ke, ba wani abu ba ne, ko zafi ba ya yi." Na ƙi tashi. Da aka kwance tsumman sai ga rami mai zurfi, gefensa ya yi fari ya yi kauri, mugunya na tsattsafowa, ƙafar ta kumbura har idon sawu, ƙaramin yatsan kuma ya fara baƙi. Na taɓa ƙafar na ji ta fi ɗayar ɗumi nesa ba kusa ba.

Kai ta asibiti sai da aka yi taron dangi. Kawu, yayan Inna, ya ce wannan daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, in aka kai ta asibiti yanke ƙafar za su yi. Gwaggo ta ce ƙila wani abu ta taka, tunda mai sana'a ba ta rasa mahassada. Ban raina su ba, domin tsoron nasu yana da tushe: sun san mutanen da suka shiga asibiti da ƙafa biyu suka fito da ɗaya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yaushe aka kai waɗancan mutanen. Sai an gama zagaye masu magani, naman ya mutu, zazzaɓi ya rufe mutum, sannan a ɗauke shi ranga-ranga, likita ya rasa abin yi sai yankewa, labari kuma ya bazu cewa asibiti yanke ƙafa suke yi. Maigidana ne ya yi wa Kawu magana ta manya, ya ce a je a ji ta bakin likita tukuna, ba wanda zai taɓa ta da wuƙa sai da izininta.

A farkon Janairun 2023 muka kai ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Injin gwaji ya nuna sugarta 22. Nas ɗin ta yi mini bayani cewa mai lafiya da ya wayi gari bai ci komai ba, tasa ba ta kai 6 ba, daga 7 zuwa sama kuma ake cewa mutum na da ciwon. Wasu injinan da wani ma'auni suke ƙirga, a wurinsu 126 shi ne daidai da 7 ɗin, saboda haka ya kamata kowa ya san irin injin da ke hannunsa. Aka kuma ɗebi jini don wani gwaji da ake kira HbA1c, mai nuna yadda suga ta kasance a watanni 2 zuwa 3 da suka wuce. Ana so mai ciwon ya tsaya ƙasa da 7 cikin ɗari. Nata ya haura 11.

Wani gwajin ne ya fi tsaya mini a rai. Likitan ya ɗauko wani siririn tsinke na roba, ya ce Inna ta rufe ido, duk inda ta ji an taɓa ta ce "e". Ya fara da lafiyayyar ƙafar, ta dama. Ya dangwala a babban yatsa har tsinken ya lanƙwashe. Shiru. Ya koma tsakiyar tafi, shiru. Ya bi wurare da dama, Inna na zaune ido rufe tana jiran a fara. Da ya ce ta buɗe ido sai ta ce, "Likita, ai ba ka taɓa ba." A nan ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa tsantsa, Allah ya saka masa. Ya ce suga in ta daɗe tana yawa a jini abu uku take yi wa ƙafa. Tana kashe jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi, sai mutum ya taka ƙusa ko wuta bai sani ba. Tana ƙuntata hanyoyin jini, abinci da iskar da nama ke bukata don ya toho su kasa isa wurin yadda ya kamata. Sannan tana raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ya ce ciwon da ba ya zafi a ƙafar mai suga shi ya fi ba shi tsoro, domin zafi ne ke sa mutum ya ɗingisa ya huta da ƙafar, wanda ba ya ji kuwa takawa zai ci gaba da yi a kan mikin.

Aka ba ta gado. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗebi mugunyar aka kai ɗakin gwaji don a san irin ƙwayar cutar da maganin da zai kashe ta, aka duba gudun jini a ƙafar da na'ura. Aka ajiye ƙwayoyin da take sha aka koma allurar insulin, ga maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Sakamako ya zo da daɗi da ɗaci. Jini na isa ƙafar gwargwado, wannan shi ne abin da ya cece ta. Amma cutar ta shiga ƙashin ƙaramin yatsan, kuma naman ya riga ya mutu. Likitan tiyata ya ce in aka cire yatsan aka kankare ruɓaɓɓen naman, akwai kyakkyawan zaton sauran ƙafar za ta tsira. In aka bari, cutar hawa za ta yi.

Kawu ya ce bai yarda ba, mutum ya koma ga Ubangijinsa da jikinsa cikakke. Aka yi ta ja-in-ja a bakin ɗakin, Inna na ji. Can sai ta sa aka kira shi ciki. Ta ce, "Yaya, ƙafar tawa ce. Wanda ya ba ni yatsan shi ya karɓi abinsa, kuma shi ya halicci magani. A yi." Ta sa hannu a takardar da dangwalen yatsa. Kawu ya fita yana share ido, amma shi ya fara kawo gudummawar kuɗin aikin, ba zan manta masa wannan ba.

Lokacin kuwa ya zo daidai da ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon shekarar. Kana da kuɗi a asusu amma ba ka da na sayen bandeji a hannu, in ka tura ta waya ya maƙale. Na sayar da 'yan kunnena na zinariya, ƙanena da ke aiki a Kaduna ya riƙa turo abin da ya samu, matan unguwa da Inna ta sha ba su waina bashi suka haɗa nasu a ƙullin leda. Jinyar irin wannan ciwo tana cin kuɗi a hankali, kullum, ba a rana guda ba.

Kafin a sallame mu, wata nas dattijuwa ta ce ba za ta bar mu mu tafi ba sai wani daga cikinmu ya iya wankin ciwon. Ƙannena duk suka ja baya, ni na tsaya. Ta koya mini in wanke hannu da sabulu sosai, in sa safar hannu, in jiƙa tsohon bandejin kafin in ɗaga shi don kada ya taho da sabon nama. Da ruwan gishiri na asibiti ake wankewa, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi, daga tsakiyar mikin zuwa waje, kuma audugar da ta taɓa wurin sau ɗaya ba ta komawa. Ta hana ni zuba sifirit ko ruwan nan mai kumfa a cikin ramin, ta ce suna kashe cuta amma suna ƙona jaririn naman da muke lallaɓawa. Ta kuma rushe mini abin da na taso da shi, wai ciwo sai ya sha iska yake warkewa. Irin wannan miki a rufe ake son sa da 'yar danshi, fatar da ke kewaye da shi kuma a bushe. Akwai lokacin da suka sa muka riƙa shimfiɗa zuma a kan ƙyallen kafin a rufe, amma su suka ce a fara, su suka ce a daina, kuma ta ja mini kunne cewa zumar ta ciwo ce, ba ta baki ba. Fatar nan mai kauri da ke taruwa a gefen ramin kuwa, ba ni ke yanke ta ba. Ranar asibiti suke kankare ta da kayan aikinsu.

Ta ce in riƙa ɗaukar hoton wurin da waya duk mako, in ajiye ma'aunin tela a gefensa. Wannan dabara ta taimake ni ƙwarai, domin mai kallon ciwo kullum ba ya ganin motsinsa, sai ya karaya. In na jera hotunan sai in ga bakin ramin na matsowa, cikinsa ya tashi daga ruwan toka ya koma ja kamar cikin kankana. Jan nan shi ake nema. Ta lissafa mini abubuwan da in na gani ba jiran ranar asibiti: sabon wari, kumburi ko ɗumi na hawa sama, mugunya ta ƙaru, wani wuri ya yi baƙi, zazzaɓi, ko suga ta tashi haka kawai ba tare da an canja abinci ba.

Wankin ciwo bai ba ni wuya kamar hana Inna takawa ba. Likita ya ce ko da maganin duniya aka zuba, muddin tana ɗora nauyinta a wurin ba zai haɗe ba. To ga mace da tun tana budurwa ba ta san zama ba, kuma ƙafar ba ta yi mata zafi balle ta tuna. Ina juya baya sai in tarar ta miƙe za ta kwashe shanya. Na dawo gidan da zama da izinin maigidana, muka samo sandunan dogarawa da keken marasa lafiya na aro, muka sa mata kujera a banɗaki, autarmu ta karɓi tanda. Rannan na kama ta a tsakar gida tana shara da ƙafar a ƙasa, ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Ta tsaya ta dube ni, a iya sanina ranar ta fara kallon cikin idona, ta ce, "To, ya isa. Na zauna." Daga nan in ina wanke ƙafar sai ta riƙa ba ni labarin ƙuruciyarta a Gwarzo, da yadda aka kawo ta birni, abubuwan da ban taɓa ji ba ina da 'ya'ya huɗu.

Salla ma ta dame ta. Muka tambayi limamin unguwa, ya ce ta yi alwala ta wanke lafiyayyar ƙafar, ta shafa hannu a kan bandejin ɗayar, ta yi sallarta a zaune, addini bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Da azumi ya kama a ƙarshen Maris, likita ya ce kada ta ɗauka, ga insulin ga miki a buɗe. Ta ƙi ji sai da liman ya zo har ɗaki ya karanta mata ayar Suratul Baƙara da ta yi wa mara lafiya rangwame. Ta karɓa, amma duk magariba in an kira salla sai ta yi shiru ta juya fuska bango.

Wajen abinci mun sha gwagwarmaya da masu dubiya. Mutum zai zo da zuciya ɗaya ya kawo lemon kwalba da fura mai suga, in ka hana a ce ka cika tsanani. Wasu kuma sun haƙiƙance tuwon alkama magani ne, a ci iya ci. Mai ba da shawarar abinci a asibiti ta ce alkama ma tana tayar da suga, abin dubawa shi ne yawan abin da aka zuba a kwano. Muka rage malmalar tuwo, muka yawaita miyar ganye, zogale da rama da alayyafo, muka riƙa sa acca wani lokaci. Ta ce nama ba ya tohowa sai da abin gina jiki, don haka wake da ƙwai da kifi da awara ba su yanke ba gwargwadon hali. Yunwa ba ta warkar da gyambo, kuma ga mai allurar insulin hatsari ce. Wani dare Inna ba ta ci abincin kirki ba bayan allura, na farka na same ta jiƙe da gumi tana karkarwa tana maganar da ba a ganewa. Gwaggo ta fara tofa addu'a tana cewa iska ce. Na gwada na ga 3, ƙasa da 4 ɗin da aka gargaɗe ni a kai. Tunda tana iya haɗiya, na dama suga a ruwa na ba ta, bayan kwata na awa ta dawo hayyacinta, na bi ta da abinci. Washegari likita ya rage yawan allurar.

Da bazara ta shigo, ga zafin Kano ga rashin wuta, ajiyar insulin ta zama abin tunani, domin zafi na kashe ƙarfinta. Mai ba da magani ya ce kwalbar da aka fara amfani da ita tana kai kimanin mako 4 in ba ta sha zafi ba, ya kuma koya mana dabarar tukwane biyu: ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa. Ya ce wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta don adana kayan lambu har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Muka sa kwalbar a cikin roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta.

Sai bayan Babbar Salla, damina ta kankama, fata ta rufe wurin gaba ɗaya. Na ɗauka an gama, likitan ya ce a'a, kusan mutum 4 cikin 10 da irin wannan miki ya warke musu yana dawowa cikin shekara guda, domin jijiyoyin da suka mutu ba su farfaɗo ba. Saboda haka aka kafa dokoki a gidan, kuma har yau suna nan. Ba ta taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar ɗaki. An yi mata takalmi mai faɗi mai taushin ciki, kuma kafin ta sa sai an zura hannu an lalube shi, tunda an taɓa samun tsakuwa a ciki. Kasko ya bar ɗakinta, safa da bargo suka maye gurbinsa. Ruwan wanka da gwiwar hannu ake gwada shi. Mai yankan farce na bakin titi ba ya taɓa ta, kaushi kuma ba a sa masa reza ko dutse, man shafawa ake bi da shi, ban da tsakanin yatsu. Bayan kowace alwala ana tsane tsakanin yatsun da tawul. Ƙunshi ta haƙura da shi a ƙafa, sai a hannu. Kowane dare bayan isha'i wani zai haska fitila ya duba tafin da dunduniya da tsakanin yatsu, in ba ni ba autarmu, yanzu har babbar 'yata ta iya. Sau ɗaya aka ga wani ɗan ja a gefen babban yatsa inda sabon takalmi ya goga, washegari muna asibiti, ya baje cikin 'yan kwanaki.

Ta koma sana'arta, amma a zaune a kan kujera mai tsayi, ƙafafunta nesa da murhu, ita ke haɗa ƙullu autarmu na suya. Matan unguwa masu suga sukan aiko a kira ni in duba musu ƙafa. Ina dubawa, amma ba na ba kowa magani, asibiti nake cewa a tafi, in ta kama in raka su.

Likitan Inna ya sha faɗa mana cewa ciwon na bin jini, mu 'ya'yanta mu gwada. A ranar 14 ga Nuwamba, ranar da duniya ta ware don ciwon suga, aka yi gwaji kyauta a kusa da mu, muka je mu uku ba mu karya ba. Na ƙannena ya fito lafiya. Nawa ya nuna 6.3, aka ce ban kai ga ciwon ba amma ina bakin hanya. Na daina sa suga a shayi, ina zuwa gidan Inna da ƙafa maimakon hawa adaidaita, kuma an ba ni ranar da zan koma a sake gwadawa.